Mama na da ciwon gwiwa, Yaya ya ce in fasa kai ta Budapest

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina karatun likita a Debrecen, ƙasar Hungariya. Mahaifiyata ta samu biza, za ta zo wurina tsakiyar Disamba ta yi mako uku, ta koma a makon farko na Janairu. Shekarunta sun haura sittin, tana da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma ban da Saudiyya ba ta taɓa fita ko'ina ba. Na daɗe ina tara ɗan abin da nake samu don in kai ta Budapest mu yi kwana uku lokacin hutun Kirsimeti, har na rubuta wurare goma sha huɗu da za mu gani. Da na faɗa wa Yayanmu, wanda shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, sai ya rufe ni da faɗa. Ya ce ɓarnar kuɗi ce, sanyi zai kwantar da ita, kuma me ya haɗa Hajiya da yawon kallon coci-coci a lokacin bikin da ba namu ba. Na tambayi Mama, ta ce: "Duk yadda kuka yi daidai ne." Yau mako biyu ke nan ba ya ɗaga wayata. In fasa ne, ko in yi abina tunda kuɗina ne?

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ki sa'ar karatu.

Kada ki fasa. Amma wannan tafiyar da kika tsara, ta wurare goma sha huɗu a tsakiyar Kirsimeti, ita kam ki yaga takardarta. Tafiyarki ce kika rubuta, ta 'yar shekara ashirin da 'yan kai mai ƙafa lafiya lau, sannan kika ɗora sunan Mama a sama. Akwai wata tafiyar da za ta yiwu, wadda Mama za ta ji daɗinta, Yaya kuma ba zai sami abin kamawa a cikinta ba.

Ki fara da cire "tunda kuɗina ne" daga bakinki. Kuɗin naki ne, ba wanda ya ja. Uwar dai ta ku duka ce. In wani abu ya same ta a can, Allah Ya kiyaye, Yayanku ne dangi za su tsare da tambaya: kai kana ina aka ɗauki Hajiya aka kai ta cikin ƙanƙara? Mutumin da aka ɗora wa gida rana tsaka, tsoronsa yakan fito ne da muryar faɗa. Ban ce ya kyauta da ya daina ɗaga waya ba, bai kyauta ba. Amma cikin maganganunsa uku, ta sanyi gaskiya ce tsagwaronta, ta lokacin biki tana da ƙamshin gaskiya, ta ɓarnar kuɗi ce kawai ban yarda da ita ba. Kuɗin da ɗiya ta kashe don ta faranta wa uwarta ba ya shiga lissafin almubazzaranci, matuƙar ba bashi ta ci ba, ba kuma kuɗin makaranta ta taɓa ba.

Ita kuwa amsar Mama, kin san iyayenmu. "Duk yadda kuka yi daidai ne" kara ce. Ba ta son ta watsa miki ƙasa a ido, ba ta kuma son ta tsallake maganar ɗanta babba. Kada ki fassara ta da "eh", shi ma kada ya fassara ta da "a'a". Ki nemi wadda Mama ke sakin jiki da ita, ƙanwarta ko aminiyarta, ta bugi cikinta cikin hira. Da wuya uwa ta faɗa wa 'ya'yanta abin da ranta ke so in ta ga kansu ya rabu a kai, amma za ta faɗa wa 'yar'uwarta. In ta ce ita burinta ta zauna ɗakinki ta dafa miki tuwo ta ga inda kike kwana, to magana ta ƙare, ki yi mata hakan da zuciya ɗaya. In kuwa tana son ganin gari, ga abin da nake gani.

Ki sauya ranakun. Ranar 24 ga Disamba shaguna kan rufe tun da rana a Budapest, motocin haya na gari su ragu da yamma, sannan 25 da 26 ranakun hutu ne. Daren sabuwar shekara kuwa titi na 'yan shaye-shaye ne da masu wasan wuta, ba wurin dattijuwa ba. Kin ce a makon farko na Janairu za ta koma. To ai dole ta bi ta Budapest, don a can babban filin jirgin yake. Ki mayar da yawon ya zama kwana ukun ƙarshe kafin tashinta. Kin ga kin jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya. Jikinta ya riga ya yi sama da mako biyu yana sabawa da sanyin ƙasar, kin kuma ga yadda gwiwar da jinin suke yi. Tafiyar jirgin ƙasa daga Debrecen, wajen awa biyu da rabi, guda ce maimakon a je a dawo a sake zuwa. Sannan biki ya wuce, kasuwannin Kirsimeti na dandalin Vörösmarty da gaban cocin István sun tashi ko suna kwashe rumfuna, cunkoso ya ragu, masauki ya sauko. Abin da zai rage shi ne: kun je gari da wuri don ku jira jirgi, kuka ɗan zaga. Wannan ko Yaya bai isa ya kira shi zuwa biki ba.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci, wanda takardarki ba ta lissafa da shi ba, shi ne gajartar yini. Ke kin saba har kin daina lura. A farkon Janairu rana kan fito wajen bakwai da rabi, ta faɗi wajen ƙarfe huɗu. Azahar na shiga kafin sha biyu, la'asar kafin ƙarfe biyu, magariba ƙarfe huɗu, isha kafin shida. Salloli huɗu cikin awa shida ke nan. Matar da ta shekara sittin tana jin kiran salla ta tashi, ba za ta sami natsuwar kallon wani gini ba tana tunanin la'asar na wucewa. Ga alwala. Ban-ɗakin waje na kuɗi ne, babu buta, ga safa biyu da takalmi sau-ciki da za a tuɓe. Saboda haka yinin naku ki raba shi biyu, ki bar tsakiyarsa a masauki. Ku fita da hantsi, wajen tara da rabi, da alwalarku. Ku dawo wajen ƙarfe ɗaya, a yi azahar, a ci abinci, ta miƙe ƙafa, a yi la'asar, a yi magariba. Sai ku sake fita bayan magariba na awa ɗaya ko biyu. Ba asarar da kuka yi, don Budapest ta fi kyau da dare in an kunna fitilun gadoji da na gine-ginen bakin kogi, kuma "dare" a lokacin yana farawa tun huɗu da rabi. Kuna iya dawowa ƙarfe bakwai ta yi isha ta kwanta da wuri.

A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi tafiyar da ta kai nisan ƙasaru kuma bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba yana da damar yin ƙasaru, kuma tsakanin Debrecen da Budapest ya haura kilomita 200. Maganar haɗa salloli kuwa ki bar Mama ta tambayi malaminta kafin ta taso, ta fi natsuwa da fatawarsa a kan tawa ko taki. Ki tuna kuma alƙibla a can kudu maso gabas take. Kada ta shimfiɗa darduma ta fuskanci gabas sak kamar yadda ta saba, ki duba mata a waya tun ranar da ta sauka.

Wannan tsarin na dawowa tsakar rana shi zai zaɓa miki masauki. Garin kashi biyu ne, kogin Danube ya ratsa tsakani: Buda mai tsaunuka, da Pest shimfiɗaɗɗiya. Sai 1873 aka haɗa su da Óbuda suka zama birni ɗaya. Mai ciwon gwiwa Pest ce wurinta, kusa da dandalin Deák Ferenc ko tashar jirgin ƙasa ta Nyugati inda jirginku zai tsaya. Ki kauce wa lungunan gunduma ta bakwai da mashaya suka yi yawa, hayaniya har asuba. Ki kama ɗaki mai kicin maimakon otal, don ta sami ruwan zafi da abincin da cikinta ya sani. Kuma kafin ki biya, ki tambayi mai gida a rubuce: akwai lif, kuma yana aiki? Tsofaffin gidajen Pest rufinsu na da tsawo ƙwarai, abin da aka rubuta hawa na biyu sai ki ga matakalarsa ta kai ta hawa uku ko huɗu. Da akwatunan komawa gida a hannu, wannan kaɗai ya isa ya ɓata tafiyar. Ki zo da buta daga ɗakinki.

Batun sanyi, ke likita ce a hanya, kin fi ni sanin cewa sanyi na tsuke jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, yana kuma tayar da ciwon gaɓoɓi. Abin da Mama ba ta sani ba shi ne irin sanyin. Hunturun gida da safe yake cizo, hantsi na yi rana ta gasa bayan mutum ya tuɓe rigar sanyi. Na can ba ya sakin mutum, ma'auni na yawo kusa da sifili yini guda, ranar ma in ta fito haske kawai take bayarwa, ga iskar bakin kogi mai shiga ƙashi. Atamfa da mayafi da suwaita ɗaya ba za su yi ba. Ki saya mata kayan a can, kada ki ce ta sayo daga gida: riga da wando na ciki masu kama jiki, suwaita, doguwar kwat mai kauri da ta wuce gwiwa, safar hannu, safar ulu, hular sanyi a ƙarƙashin hijabi. Abaya ko zane na iya hawa kan wandon, ba abin da ya ragu a suturarta, sai dai kada ya ja ƙasa. Inda za ki fi kashe kuɗi shi ne takalmi: mai kaurin ƙasa, mai riƙe santsi, ya ɗara ƙafarta kaɗan don safa biyu ta shiga. Titunan unguwar tsohuwar fadar sarakuna da ke Buda da duwatsu aka shimfiɗa su, in raɓa ta daskare a kai sun zama tarko. Faɗuwa ɗaya ga mai irin shekarunta ta fi mura goma haɗari. Ki sa ta fara yawo da takalmin a Debrecen ya saba da ƙafarta. Man kaɗanya don leɓe da hannu, fulas ɗin shayi mai citta a jaka, magungunanta a jakar hannu ba cikin akwati ba, da na'urar awon jini kullum safe.

To sai wuraren. Daga sha huɗu ki dawo huɗu, wuri ɗaya kowace fita.

Daren farko kada ku taka ko'ina. Ku hau taram mai lamba 2, ɗan jirgin nan rawaya mai bin gefen kogi ta ɓangaren Pest. Matakalarsa na da ɗan tsawo, ki riƙe ta wurin hawa, ki sama mata kujera ta gefen ruwa. Tana zaune za ta ga majalisar dokoki, gadar Sarƙa da aka buɗe a 1849, fadar sarakuna a kan tsauni a tsallake, duk cikin fitilu, da kuɗin tikitin mota. Da yawa daga cikin wuraren da kika rubuta na tabbata za ta gan su ta taga a wannan daren, kuma ganin ya wadatar. Ki sayi katin kwana uku na motocin gari ku huta da neman tikiti. In kuwa ɗai-ɗai kika saya, kada ki manta da buga shi a na'ura, masu bincike ba sa jin "baƙuwa ce".

Washegari da hantsi ku hau tsaunin fada. Bas mai lamba 16 daga Deák zai haye da ku gadar Sarƙa ya kai ku har sama, ya sauke ku dab da cocin Mátyás. Kada ki yarda ku hau da ƙafa. A nan ne nake son ki ɗan yi shiri, domin abin da zai sa tafiyar ta zama ta Mama labari ne, ba hoto ba. Dattijuwa ba ta damu da sunan maginin da ya zana hasumiya ba. Amma ki tsayar da ita gaban wannan cocin mai rufin fale-falen tayil masu launi ki ce mata: Mama, nan an yi sallar Juma'a shekara da shekaru. Za ki ga ta gyara tsayuwa. A 1526 rundunar Sarki Sulaiman na daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Sakkwato ba, ki bambance mata) ta karya sojan Hungariya a Mohács. A 1541 Turkawa suka karɓe Buda, suka mayar da wannan coci babban masallacin gari. Suka riƙe birnin shekara 145, har 1686 da rundunonin Kiristocin Turai suka ƙwace shi bayan mummunan yaƙi, ginin ya koma coci. A tsallaken kogi, cikin tsohuwar cocin tsakiyar Pest da ke gindin gadar Erzsébet, har yau akwai gurbin mihrabi a bango daga wancan zamani. Ba sai kun shiga ko ɗaya ba in ranta bai kwanta ba. Daga waje ma an ga abin gani.

Wannan ita ce amsar da za ki ba Yaya a kan "kallon coci-coci", cikin ladabi. Alƙur'ani a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Garin da mulki ya juya a cikinsa haka, masallaci ya zama coci bayan coci ya zama masallaci, sarakunan duka ɓangarorin kuma suna ƙarƙashin ƙasa, wurin wa'azi ne ga mai tunani. Na san irin su Mama, tana gani za ta ce "Allah mai iko," ta yi shiru, ta kuma ba da labarin nan a gidajen suna da biki har shekara ta zagayo.

Bayan cocin akwai Katangar Masunta, farin gini mai hasumiya bakwai da ke wakiltar ƙabilu bakwai na Magyar, wato kakannin mutanen Hungariya, da suka kafa ƙasar. An gama shi a 1902, don kallo aka yi shi ba don yaƙi ba. Daga barandarsa ta ƙasa ana hango Pest gaba ɗaya da majalisa a bakin ruwa, ba sai ta hau sama ba. Minti ashirin ya isa, iska a nan ba ta da wasa. Ku shiga wani shagon shayi ta ɗumama hannu, ku hau bas ku koma.

Kabarin Gül Baba, wani shehin ɗariƙar Bektashiyya da ya zo tare da rundunar Turkawa ya rasu a Buda a 1541, yana kan wani tudu kusa da gadar Margit. Ƙaramin gini ne mai kusurwa takwas da ƙubba, an gyara shi da lambunsa a 2018 da haɗin gwiwar Turkiyya. Titin da ya hau wurin tsaye yake kamar bango, sai dai tasi. Amma ki san gidanku. In ku masu ziyara ne, za ta so shi fiye da ko'ina. In kuwa gidanku ba a zuwa kabarin waliyyai, ki tsallake shi, kada ki buɗe wa kanki sabon babin rigima da Yaya a kan abin da ba dole ba. In Juma'a ta faɗo cikin kwanakin, akwai masallaci a titin Fehérvári a ɓangaren Buda. Ganin Musulmi Larabawa da Turkawa da 'yan ƙasa a sahu ɗaya zai yi mata daɗi.

Majalisar dokoki ita ce wuri guda da zan ce ki biya kuɗi ku shiga. Cikin ɗumi ake, zagayen bai kai awa ba, kuma adon zinaren da ke ciki ya cancanci gani. Tsawon ƙubbarta mita 96, don tunawa da shekarar 896 da kakanninsu suka iso ƙasar, kuma a ƙarƙashin ƙubbar ake ajiye tsohon kambin sarautarsu da masu gadi a tsaye. Ki sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ki sani kuma wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya fi biya. Akwai matakala da yawa a farkon zagayen, ki gaya wa ma'aikata tun a ƙofa cewa tana buƙatar lif. Kaɗan daga nan a bakin kogi akwai takalman ƙarfe ƙafa sittin da aka kafa a 2005, don tunawa da Yahudawan da 'yan bindigar jam'iyyar Arrow Cross, masu goyon bayan 'yan Nazi, suka sa su tuɓe takalma suka harbe su cikin kogin a hunturun 1944 zuwa 1945. Har da takalman yara. Ki auna zuciyarta kafin ki kai ta, ba kowa ke iya ɗauka ba.

Na tabbata wuraren wankan ruwan zafi suna cikin takardarki, don da su aka san garin, kuma za ki ce ai gwiwa za ta amfana. Széchenyi, wanda ake yawan ɗauka a hoto tururi na tashi, maza da mata a haɗe suke cikin kayan wanka. Mama ba za ta shiga ba, kada ma ki fara. Rudas, wanda Turkawa suka gina a ƙarni na 16 da tafki mai kusurwa takwas ƙarƙashin ƙubba, an saba ware ranar Talata ga mata zalla a tsohon sashensa, ki duba jadawalinsu kafin ki sa rai. Ko da hakan, ruwa mai zafi sosai da mai hawan jini sai da izinin likitanta. Ni da zan zaɓa, da na bar shi, na kai ta babbar kasuwar rufi ta Fővám, wadda aka buɗe a 1897, a safiyar ƙarshe. Taram 2 na tsayawa a bakinta. Nan ne za ta sake, ta ga jerin jan barkono a rataye, ta taɓa, ta tambayi kuɗi, ta ce ya yi tsada, ta sayi garin paprika, wato garin jan barkonon nan, da 'yan mayafan tebur masu aikin hannu na tsaraba. Uwa ba ta komawa gida hannu rabbana, ki ware kuɗin tsarabar nan tun yanzu ko da za ki soke wani abu.

Abinci kuwa kin fi ni sanin ƙasar, amma ido ya fi buɗewa in da uwa a gefe. Girkin Hungariya na son alade da kitsensa. Miyar gulyás da naman sa ake yi, amma sau da yawa da kitsen alade ake soya albasarta, ga maganar yanka. A takarda in kin ga sertés, szalonna, sonka ko zsír, ki wuce, alade ko kitsensa ake nufi. Gidajen abincin Turkawa da Larabawa suna da yawa a babban titin da taram 4 da 6 ke bi, ki tambaya ko na halal ne. Abin sha mai zafi da ake sayarwa a rumfunan titi cikin kofi yana ƙamshin kirfa, forralt bor, giya ce aka dafa, kada ƙamshin ya ruɗe ta ta ce a sayo mata shayin nan. Ki dafa miya tun daga Debrecen ki zo da ita a roba, a masauki sai tuƙa tuwo ko dafa shinkafa. Kuɗin ƙasar forint ne, ki biya da kati ko forint, masu karɓar yuro canjinsu cuta ne. Tasi kuma ki kira ta manhaja, kada ki tare a titi.

Saura Yaya. Tunda ba ya ɗaga waya, kada ki yi ta jera masa kira kamar mai bin bashi. Ki tura masa saƙon murya ɗaya, gajere. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce kin yi tunani kin ga maganarsa ta sanyi da ta lokacin biki gaskiya ce, kin soke wancan tsarin. Sannan ki faɗi sabon: kwana ukun ƙarshe kafin jirgi, ɗaki mai lif da hita, fita sau biyu a yini gajeru, duk salla a masauki, inshorar lafiyar da aka yi mata don biza, wadda doka ta ce kada ta gaza yuro 30,000, tana aiki har ranar tashinta, lambar gaggawa 112. Ki ce masa shawararsa kike nema kafin ki biya kuɗin ɗaki. Ki ba shi wani abu ya riƙe, misali ya kai Mama wurin likitanta kafin ta taso a duba jinin, a rubuto mata magungunan da za su ishe ta da takardar bayaninsu. Wanda aka sa a cikin shiri da wuya ya tsaya yana jifansa daga waje. In duk da haka ya ƙi, to ba ke za ki yi ta ja da shi ba, ki kai maganar wurin kawu ko goggon da yake jin nauyi, Mama kuma ta faɗi ra'ayinta ta bakinsu.

Ki ɗaure wa kanki sharaɗi, ki kuma faɗa masa: ɗakin da za ki kama ya zama wanda ake iya sokewa a mayar da kuɗi. In cikin makonni biyun farko jinin ya ƙi zama, ko mura ta sauka ƙirji, ko gwiwar ta kumbura, ko aka yi hasashen ƙanƙara mai santsi, yawo ya tashi. Ku tafi ana gobe jirgi, ku kwana kusa da filin jirgi, in da hali ku hau taram ɗin nan na awa ɗaya bayan magariba, shi ke nan.

Kafin ta ɗaure kaya ki kira ta ki ja mata kunne a kan abu ɗaya, don na san za ta yi: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk ƙwacewa ake yi a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Ta bar su a gida, ta cika gurbin da kuka, kuɓewa busasshiya, yaji da garin kunu.